Wasiƙar Fatsa: Bashin Da Ba Mu Ci Ba

Darasinmu na yau ya shafi wata irin sata wadda mai yin ta ba ya haura katanga, ba ya fasa rumbu. Wasiƙa kawai yake aikowa cikin salula. Wasiƙar tana cewa an cire mana kuɗi, ko za a cire, saboda wani aikin wata-wata da wai muka yi rajistarsa. Duk wanda ya firgita ya bi umurnin wasiƙar, shi da hannunsa zai buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Wannan darasi ya fi shafar waɗanda suka koyi karatu da girma. A da, in takarda ta zo, sai a kai wa wani ya karanta, shi kuma ya ba da shawara. Yanzu kowa yana karanta abinsa da kansa, shi kaɗai, wani lokaci ma cikin dare. Wannan ci gaba ne babba. Amma ya zo da nauyi: wajibi ne mu koyi bambanta takardar gaskiya da ta ƙarya.

Abin da muka gani a wani aji

A rangadinmu na ranin da ya wuce mun ziyarci wani ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Maraɗi. Da aka tashi, wani ɗalibi magidanci ya tsaya baya. Yana da ɗan gidan kallo a bakin kasuwa, inda samari ke taruwa kallon ƙwallo. Ya miƙo mana salularsa, ransa a ɓace.

Ya ce: "Malam, dubi wannan. Yarona ya fassara mini. Sun ce sun cire mini kuɗi, kuma in ban taɓa wurin nan ba kafin gobe, kuɗin sun tafi ke nan."

Muka duba. Wasiƙa ce cikin Faransanci, da tambarin kamfanin talabijin ɗin da yake biya kowane wata. Ta ce an sabunta masa rajista a kan yuro 49,99. Ta ce in ba shi ne ya nema ba, ya latsa wani jan maɓalli cikin awa 24 domin a mayar masa da kuɗinsa.

Muka ce: "Maigida, a ina kake biyan kuɗin talabijin ɗinka?"

Ya ce: "Wurin wakilinsu, nan cikin gari. Hannu da hannu, ya ba ni takardar shaida."

"Da sefa kake biya ko da yuro?"

"Da sefa, Malam."

"Ka taɓa ba su lambar asusunka?"

"Ko kusa."

"To, ta wace ƙofa suka shiga har suka ɗebi kuɗinka?"

Ya yi shiru. Muka sa ya duba asusunsa na salula ta hanyar da ya saba. Kuɗinsa suna nan, ko tamma ba ta fita ba. Ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce: "Amma Malam, ai a rubuce yake."

Wannan magana tasa ita ce tushen darasinmu. Mun taso muna girmama rubutu, kuma haka ya kamata. Amma alƙalami ba ya ƙin hannun maƙaryaci. Bashin da ba mu ci ba, ba ya zama bashi don an rubuta shi.

Mene ne imel? Mene ne kuɗin wata-wata?

Imel wasiƙa ce da ke tafiya ta intanet. A shekarar 1971 wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya fara aika irinta daga wata kwamfuta zuwa wata. Shi ne ya zaɓi alamar nan @ domin raba adireshi biyu. Abin da ke gabanta sunan mai akwati ne. Abin da ke bayanta sunan gidan da ke riƙe da akwatin ne.

Da yawa daga cikinmu za su ce: "Ni ba ni da imel." Mu bincika tukuna. Mafi yawan manyan salulolin da ke hannunmu masu tsarin Android ne. Kafin a sauko da WhatsApp ko Facebook daga Play Store, sai an buɗe asusun Google, kuma galibi shi ne akwatin Gmail. Ranar da muka sayi salula, mai shago ko wani yaro ne ya buɗe mana. Saboda haka muna da akwatin wasiƙa, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Kuɗin wata-wata kuwa shi ne abin da Faransanci ke kira *abonnement*. Mutum yana yin rajista da wani kamfani, yana biya kowane wata ko kowace shekara, domin kallon talabijin, ko fina-finai, ko sauraron waƙoƙi, ko kare kwamfuta daga ɓarna. A ƙasashen Turai da Amurka, kamfani yakan ajiye lambar katin banki na mutum, ya riƙa cire kuɗin da kansa in lokaci ya yi, sannan ya aiko da wasiƙar shaida. Wannan wasiƙar shaida ita ce ɓarayi suke kwaikwayo.

Don me muka ce fatsa?

Masu Faransanci suna kiran wannan zamba *hameçonnage*, daga kalmarsu ta ƙugiya. Masu Ingilishi ma daga kamun kifi suka samo sunanta. Mu a Hausa muna da kalmar da ta dace: fatsa. Wanda ya taɓa zuwa tabkin Madarunfa ya ga yadda ake yi. Masunci ba ya bin kifi da gudu. Yana sa tana a ƙugiya, ya jefa, ya zauna. Bai san kifin da zai zo ba. Haka ɓarawon nan yake aika wasiƙa iri ɗaya ga dubban mutanen da bai sani ba. Ko ƙalilan ne suka haɗiye ƙugiya, ya ci riba.

Abin ba sabo ba ne. Tun wajen 1995 ɓarayi suka fara yin shigar ma'aikatan kamfanin AOL a Amurka, suna ce wa mutane su aiko da kalmar sirri ko lambar kati domin wai a gyara musu lissafi. A watan Nuwamba na 2022 hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi a kan wasiƙun ƙarya masu cewa za a sabunta wa mutum rajistar shekara a kan dalar Amurka 300 zuwa 500. Mu lura, dalar Amurka ba irin dalarmu ta tamma 5 ba ce. Kuɗin nan sun haura jikka 150. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta ce a 2023 an kai mata ƙara wajen 52.000 a kan masu aron sunan Best Buy da Geek Squad, da wajen 34.000 a kan masu aron sunan Amazon, da wajen 10.000 a kan masu aron sunan PayPal. A 2024 kuma FBI ta karɓi ƙara 193.407 a kan fatsa da aron sunan wani.

Waɗannan kamfanoni ba su ne ɓarayin ba. Sunansu aka ara, kamar yadda ɗan damfara ke aron rigar mutunci. Kuma mu lura da wani abu: waɗanda aka cuta can mutane ne da suka daɗe da yin lakkol. Ke nan faɗawa wannan tarko ba alamar jahilci ba ce. Tsoro da gaggawa ne ke jefa mutum.

Yadda ake ɗana tarkon

Dabarar ɓarawon nan ita ce: ba ya cewa "ba ni kuɗi". In ya faɗi haka, kowa zai ƙi. Cewa yake yi: "An cire maka kuɗi, zo in taimake ka a mayar maka." Yana zuwa da fuskar mai ceto. Ƙugiyar tana cikin kalmar "soke" da kalmar "mayarwa". Hanyoyinsa uku ne.

*Hanya ta farko: shafin ƙarya.* Wasiƙar tana ɗauke da maɓalli, ko wani rubutu mai launin shuɗi. In muka latsa, sai a kai mu wani shafi mai kama da na kamfanin gaskiya, da launinsa da tambarinsa. A can za a ce mu rubuta sunanmu, da kalmar sirri, da lambobi 16 na gaban katin banki, da ranar ƙarewarsa, da lambobi 3 na bayansa. Wani lokaci lambar salula da lambar sirrin asusun salula ake nema. Duk abin da muka rubuta, hannun ɓarawo yake faɗawa nan take. Sai ya shiga sayayya da shi. Banki zai aiko mana da wasu lambobi ta gajeren saƙo domin tabbatarwa. Shafin ƙarya zai ce mu rubuta su, wai domin a kammala mayar mana da kuɗi. Da mun rubuta, mun sa hannu ke nan a kan satar da ake yi mana.

*Hanya ta biyu: kiran waya.* Wata wasiƙar ba ta da maɓalli. Takardar kuɗi ce kawai, da lambar waya, an ce a kira in ana son sokewa. Wanda zai ɗauka mutum ne mai ladabi da daɗin baki. Zai ce mu sa wata manhaja a salula ko a kwamfuta domin ya taimake mu. Irin wannan manhaja tana ba mutumin nesa ikon ganin allonmu da sarrafa shi. Daga nan sai ya nuna mana kamar ya mayar da kuɗi, amma wai ya yi kuskure ya zuba fiye da ƙima. Misali, maimakon jikka 30, ya ce ya zuba jikka 300. Sai ya shiga roƙo: "Ka rufa mini asiri, za a kore ni daga aiki, ka aiko mini da rarar." Alhali bai zuba ko tamma ba, lambobin da muka gani na bogi ne. Mai amana, don gudun cin haƙƙin wani, sai ya aika da kuɗinsa na halal. Mu duba mugunta: da kirkinmu yake kama mu.

*Hanya ta uku: takardar da aka maƙala.* Wasiƙar tana cewa: "Ga takardar kuɗinka, buɗe ka gani." Wani lokaci abin da aka maƙala ba takarda ba ce, muguwar manhaja ce. In ta shiga salula, tana iya karanta saƙonninmu da lambobin da banki ke aiko mana, ta aika wa mai ita.

Mu sani kuma, wannan ƙarya ba ta imel kaɗai take zuwa ba. Tana zuwa ta gajeren saƙo, ta WhatsApp, ta Facebook. Rigar ce ke sakewa, ɓarawon ɗaya ne.

Alamomi bakwai na wasiƙar fatsa

1. *Ba mu san bashin ba.* Wannan ita ce babbar alama. Mu tambayi kanmu: Mun taɓa yin rajista da wannan kamfani? In mun yi, ta yaya muke biya? Wanda ke biya hannu da hannu, ba a iya cire masa kuɗi daga nesa. Wanda bai taɓa ba da lambar katinsa ba, ba a san hanyar aljihunsa ba.

2. *Ana gaggauta mu.* "Cikin awa 24." "Kafin gobe." "Gargaɗi na ƙarshe." Ɓarawo ba ya son mu kwana da maganar, ba ya son mu yi shawara da kowa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

3. *Ba a kira sunanmu ba.* Wasiƙar tana cewa "Ya kai abokin ciniki", ko ta sa adireshinmu na imel a madadin suna. Wanda muke ciniki da shi ya san sunanmu da lambar rajistarmu. Amma ko an kira sunan, kada mu saki jiki, domin sunaye ma ana satar su.

4. *Adireshin mai aikowa bai dace ba.* Sunan da ke fitowa da manyan baƙaƙe a saman wasiƙa, kowa yana iya rubuta wanda ya ga dama. Mu taɓa sunan, ko ƴar kibiyar da ke kusa da shi, adireshin zai bayyana. Mu karanta abin da ke bayan alamar @. Babban kamfani yana da gidan kansa, ba ya aiko da takardar kuɗi daga akwatin gmail.com irin namu. A nan karatunmu zai yi mana rana. A aji mun koyi cewa *kafa* daban, *ƙafa* daban. *Bari* daban, *ɓari* daban. *Daka* daban, *ɗaka* daban. Ɗan lanƙwasa guda yana sake ma'ana. To, haka ɓarayi ke wasa da baƙaƙe. Suna rubuta *paypa1* da lamba 1 a madadin *paypal* mai harafin l. Suna jera r da n, wato *rn*, domin mai gaggawa ya ɗauka *m* ce. Mu karanta adireshi harafi-harafi, kamar ranar da muka fara koyo.

5. *Kuɗin baƙi ne.* Muna biya da sefa, an rubuto mana da yuro ko dalar Amurka. Ruwa ba ya tsami banza.

6. *Ana neman sirrinmu.* Babu banki, babu kamfanin salula, babu gidan aika kuɗi na gaskiya da zai nemi lambar sirrinmu ta wasiƙa ko ta waya. Mayar wa mutum kuɗi ba ya bukatar lambar sirrinsa. In za a zuba mana kuɗi, lambar salula ko ta asusu ta isa. Lambar sirri ta fitar da kuɗi ce, ba ta shigar da su ba. Mu riƙe wannan da kyau.

7. *An nuna mana ƙofa ɗaya tak.* "Latsa nan." "Kira wannan lamba." Ba a ce mu je ofishinsu ba, ba a ce mu ga wakilinsu ba.

Akwai abubuwa uku da ba su isa shaidar gaskiya ba. Na farko, tambari: kwafe shi ya fi kome sauƙi. Na biyu, kyakkyawan Faransanci: a da wasiƙun ƙarya cike suke da kurakurai, amma yanzu na'ura tana rubuta wa ɓarawo magana tsaf. Na uku, hoton ɗan kwaɗo da kan fito a saman shafi: shafukan ƙarya da yawa su ma suna da shi. Har adireshin ma, gwanayen ɓarayi sukan iya gyara shi ya yi kama da na gaskiya. Shi ya sa alama ta farko ta fi sauran ƙarfi.

Kalmomin da za mu riƙa gani

Da yake wasiƙun nan galibi cikin Faransanci suke zo mana, ga kalmomi shida da ya kamata idonmu ya saba da su. Malamai su rubuta su a allo, ɗalibai su kwafe cikin littafi.

- *Abonnement*: rajistar biyan wata-wata
- *Renouvellement*: sabuntawa
- *Facture*: takardar kuɗi
- *Annuler*: sokewa
- *Remboursement*: mayar da kuɗi
- *Cliquez ici*: latsa nan

Kalmomin nan ba su da laifi a kan kansu. Amma in muka gan su tare a wasiƙa ɗaya, kuma ga wa'adi, to mu ja da baya.

Abin da za mu yi in wasiƙar ta zo

Ƙa'idar guda ce: kada mu shiga ta ƙofar da wasiƙa ta nuna mana, mu bi ƙofar da muka sani.

1. Mu natsu. Buɗe wasiƙa da karanta ta kawai, galibi ba ya cire wa mutum kuɗi. Haɗarin yana cikin latsawa, da kira, da rubutawa.

2. Kada mu latsa kome. Kada mu kira lambar. Kada mu buɗe abin da aka maƙala. Kada mu ba da amsa, ko da ta zagi ce, domin amsa tana shaida wa ɓarawo cewa akwatin yana da mai shi.

3. Mu duba asusunmu ta hanyar da muka saba: lambobin da muke bugawa kullum, ko wurin wakili, ko a banki. In kuɗi ba su fita ba, magana ta ƙare.

4. In muna da rajista ta gaskiya da kamfanin, mu je wurin wakilinsa da takardar shaidarmu, ko mu kira lambar da ke jikin takardar. Wanda ke son ganin ko an sa shi cikin wani biyan wata-wata ta asusun Google, ya buɗe Play Store, ya taɓa hoton da ke kusurwar sama, ya shiga *Paiements et abonnements*.

5. Mu nuna wa wanda muka amince da shi: malamin aji, ko magatakardan ƙungiya, ko ɗanmu da ya yi lakkol. Matambayi ba ya ɓata. Amma nuna wasiƙa daban, faɗin lambar sirri daban. Lambar sirri tamu ce mu kaɗai.

6. A Gmail, mu taɓa ɗigo uku na sama, mu zaɓi *Signaler comme spam*. Wasiƙar za ta tafi akwatin *spam*, kuma hakan yana taimakawa a tare irinta.

Muna jan hankalin ma'ajin ƙungiyoyi da uwayen adashe musamman. Wadda ke riƙe da kuɗin mata 30 a salularta, in ta latsa wurin da bai kamata ba, gidaje 30 ne za su ji a jikinsu, kuma mutuncinta ne zai zube, alhali ba ta ci ko tamma ba. Yana da kyau kowace ƙungiya ta sa doka: duk saƙon da ya shafi kuɗin jama'a, sai mutum biyu sun karanta kafin a taɓa shi.

Kada mu gama wannan da wani abu dabam. Wani lokaci kuɗin kira da muka zuba a salula sukan ragu saboda wani ɗan aiki da aka yi rajistarsa, kamar waƙar jiran kira ko saƙon labarai. Maganin wannan shi ne a je ofishin kamfanin salular a nemi a cire shi. Ba a gyara shi ta latsa wasiƙar baƙo.

In mun riga mun haɗiye ƙugiya

Kada kunya ta hana mu magana. Shirun wanda aka cuta shi ne garkuwar ɓarawo. A nan ne gaggawa take da amfani.

1. In mun ba da lambar kati, mu kira banki ko mu je nan take a toshe katin.

2. In mun ba da lambar sirrin asusun salula, mu sake ta yanzu-yanzu, sannan mu sanar da ofishin kamfanin.

3. In mun rubuta kalmar sirrin imel, mu sake ta, mu sake ta kuma a duk wurin da muka yi amfani da irinta. Wanda ya mallaki imel ɗin mutum yana iya kutsawa Facebook ɗinsa, ya riƙa roƙon dangi kuɗi da sunansa. Saboda haka mu gargaɗi dangi da abokai.

4. In mun sa wata manhaja bisa umurnin baƙo, mu kashe intanet, mu kai salular wurin mai gyara amintacce a cire ta.

5. Kada mu goge wasiƙar da saƙonnin. Mu rubuta rana, da lokaci, da lambar da aka aika wa kuɗi, da yawansu. Mu kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi. A Nijar akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga watan Yuli 2019, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya. Ta tanadi ɗauri da tara ga masu zamba ta hanyar na'ura. A Yamai kuma ƴan sandan bincike suna da sashe na musamman mai yaƙi da laifukan intanet.

6. Mu yi hattara da wanda zai biyo baya ya ce zai ƙwato mana kuɗinmu in mun ba shi wani abu. Sau da yawa ɓarawon farko ne ya sake riga.

Gaskiya ɗaya ce: kuɗin da suka fita ta wannan hanya, dawowarsu tana da wuya, domin sau da yawa ɓarawon yana wata ƙasa. Shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Aikin aji

*Lissafi.* Tun 1999 an ɗaure sefa da yuro: yuro 1 kusan sefa 656 ne. Wasiƙar da aka aiko wa ɗalibinmu ta ce yuro 49,99, wato kusan yuro 50. Mu ninka 50 sau 656: sefa 32.800 ke nan, wato jikka 32 da dala 160. Yanzu ku lissafa: in wasiƙa ta ce yuro 90, sefa nawa ke nan? Tiya nawa ta hatsi za a saya da su a kasuwarku?

*Karatu.* Malami ya rubuta waɗannan a allo, ɗalibai su nuna bambancinsu: *m* da *rn*, *l* da *1*, *O* da *0*.

*Tambayoyi.*

1. Don me ɓarawo yake cewa zai mayar mana da kuɗi maimakon ya ce mu ba shi?
2. Wane ɓangare na adireshin imel ya kamata mu fi dubawa?
3. Ana bukatar lambar sirrinmu kafin a zuba mana kuɗi?
4. Mene ne abu na farko da wanda ya ba da lambar katinsa zai yi?
5. A ƙungiyarku, wa ke riƙe da salular kuɗi? Wa ke taya shi karanta saƙonni?

Ɗalibin nan namu na ƙasar Maraɗi bai yi asara ba, domin ya tsaya ya yi tambaya kafin ya latsa. Malamin ajinsa ya gaya mana cewa bayan ƴan makonni irin wasiƙar ta zo wa wani maƙwabcinsa tela. Ɗalibin ne ya karɓi salular, ya buɗe adireshin, ya karanta masa harafi-harafi, sannan ya tambaye shi: "A ina ka saba biya?" Wannan shi ne amfanin karatu. Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya tsare mana guminmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.